LAFTOF TA WASAN GEM DA ALJIHUN ƊALIBI: SHAWARA GA 'YAN'UWANA NA MACHINA DA NGURU DA GASHUWA

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, ta shiga sahun kayan da ɗalibin jami'a yake ganin karatunsa ba zai yi armashi ba sai da su. Malamai suna so a kawo aikin jinga a buge, kundin kammala digiri ba ya karɓuwa da rubutun hannu, ita kanta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB tun shekarar 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta. Waɗannan su ne dalilan da muke kai wa iyayenmu idan mun je hutu, kuma dalilai ne na gaskiya. Sai dai duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan ɗalibai ya san akwai wani dalili na daban da ba a cika faɗa a gida ba, wato wasan gem. Da zarar dare ya yi za ka ji ihu daga wani ɗaki, ka leƙa ka tarar mutum shida sun yi wa laftof ɗaya zobe, Madrid tana karawa da Barcelona.

Wannan ɗan rubutu shawara ce ga 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, musamman waɗanda muka fito daga arewacin Jihar Yobe, wato Machina da Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ɗalibin da kuɗinsa ƙidayayye ne, kuma zai yi amfani da kwamfutarsa a ƙasa irin tamu, ya fi masa alheri ya sayi laftof ta ofis ta hannu mai lafiya, wadda za ta ɗauki karatunsa ta kuma buga masa gem daidai gwargwado, a kan ya juye duk abin da ya mallaka a kan tsohuwar laftof ta 'yan gem mai jar fitila da ƙatuwar caja. Na san abokaina da yawa ba za su ji daɗin wannan magana ba. Ina roƙon su yi haƙuri su karanta dalilaina har ƙarshe, sannan su yanke hukunci.

Shin wasan kansa laifi ne?

Kafin a shiga batun na'ura, ya kamata a kawar da wannan tambaya daga hanya. Ni dai ban ga laifin wasan gem ba. Al'ummarmu ba ta taɓa rasa wasa ba. Yara suna langa da 'yar carafke, manya kuma suna zama a gindin bishiya su yi dara, wasan da yake buƙatar lissafi da dabara kamar kowane gem na zamani. A wasu ƙasashe ma abin ya zama sana'a. A gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta da aka yi a birnin Riyad na ƙasar Saudiyya a 2024, kyaututtukan da aka ware sun haura dala miliyan 60. A ɗaya gefen kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sanya jarabar buga gem, wato wadda ta kai mutum ga watsar da aikinsa da karatunsa da hulɗarsa da jama'a, cikin jerin cututtuka. Ke nan wasan kamar gishiri ne, daidai misali ya gyara miya, ya yi yawa ya ɓata ta.

Inda nake ganin laifi shi ne wajen ɓoye gaskiya. Ɗalibi ya je ya ce wa mahaifinsa sashe ya wajabta sayen kwamfuta mai kaza da kaza, alhali jerin da ya karanto na gem ne, babu ruwansa da nazarin ginin jimla ko waƙar baka. Mu ɗaliban Hausa abin da karatunmu yake nema daga kwamfuta bai taka kara ya karya ba: ta buga rubutu, ta fitar da baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, ta buɗe littattafan da aka ɗauka a hoto, ta adana muryoyin da muka naɗo wajen tattara bayanai. Kusan kowace laftof mai rai za ta iya wannan. Duk ƙarin kuɗin da aka ɗora a kan haka, kuɗin wasa ne, kuma ya kamata wanda zai biya ya san hakan.

Kuɗin daga ina?

Mu tambayi kanmu, kuɗin laftof ɗin nan daga ina yake fitowa? A wajenmu yawanci daga buhunan gero ne ko riɗi ko wake da aka kai kasuwar Nguru, ko ragon da aka yi wata da watanni ana kiwo, ko adashen mahaifiya, ko albashin yayan da yake koyarwa a firamare. Wasu kuma suna tara kuɗin kashewa na rancen karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024 da naira 20,000 a kowane wata, suna mantawa cewa bashi ne da za a biya bayan an gama bautar ƙasa.

Sannan babu laftof ɗin da ake ƙerawa a Kano ko Damaturu. Daga waje ake shigo da su, da dala ake sayo su. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, amma zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Wannan ya sa farashin kwamfuta, sabuwa da ta hannu, ya ninka. Shi ya sa ban kawo farashin kowace na'ura a nan ba, domin abin da aka faɗa maka yau ba shi za ka tarar ba bayan wata guda. Abin da ba ya canzawa shi ne, laftof ta 'yan gem a kullum ta fi ta ofis mai shekaru irin nata tsada nesa ba kusa ba. Don haka idan ka ga an yi maka tayin ta 'yan gem a kan kuɗin ta ofis, to ka tabbata ko dai ta tsufa ƙwarai, ko kuma tana da wata cuta da ba a faɗa maka ba. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Wutar lantarki

Masu tallar kwamfuta a intanet suna magana ne da mutumin Ingila ko Amurka wanda wuta ba ta ɗaukewa a gidansa. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. A garuruwanmu akan wuni a kwana babu wuta, a ƙauyuka da dama ma turakun ba su isa ba. Abin dogaro shi ne sola, ko ƙaramin janareta, ko shagon masu cajin waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, tayar da janareta don a buga ƙwallo a kwamfuta ya zama abin da ɗalibi zai yi tunani sau biyu kafin ya yi.

A nan ne bambancin na'urorin biyu yake fitowa fili, kuma a jikin caja yake rubuce. Cajar laftof ta ofis yawanci wat 45 ce ko 65. Ta 'yan gem kuwa daga wat 120 take farawa, wasu har su haura 200. Bari mu yi ɗan lissafi. Batirin sola irin na gida mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wutar da ta kai kimanin wat 1,200 na awa guda, kuma idan irin mai ruwan asid ne, masu haɗa sola suna ba da shawarar kada a sha fiye da rabinsa don kada ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan. Laftof mai jan wat 150 idan ta yi awa uku ana gem ta sha 450. Me ya rage wa fanka da ƙwan fitila da wayoyin mutanen gida? Ita kuwa ta ofis a waɗannan awowi uku ba za ta kai 200 ba, ko da ta ja iyakar ƙarfin cajarta.

Wani zai ce ai tana da batirinta. Gaskiya ne, amma laftof ta 'yan gem idan aka zare ta daga wuta, da kanta take rage ƙarfin injinta, hoton ya fara tsalle-tsalle, kuma duk da haka da wuya batirin ya kai awa biyu ana wasa, ko da sabo ne, balle wanda ya sha jiki a hannun wani. Ka sayi ingarman doki ke nan alhali ba ka da harawar ba shi. Ranar da za ka zauna rubuta babi na uku na kundinka babu wuta, a ranar za ka san darajar na'urar da take yin awa huɗu ko biyar da cajinta.

Zafi da ƙura

Abu na biyu da ƙasarmu take gindaya wa kwamfuta shi ne yanayi. Kamfanoni da yawa suna rubutawa a takardun na'urorinsu cewa iyakar zafin ɗakin da ya dace a yi aiki da laftof shi ne digiri 35 a ma'aunin Salshiyas. A Nguru da Machina da Gashuwa kuwa, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kuma ɗakin kwano ya fi waje turiri. Ƙwaƙwalwar kwamfuta idan zafinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ma'ana, ƙarfin da ka biya kuɗi mai yawa dominsa ba za ka same shi ba a lokacin bazara, sai dai ƙugin fanka kamar injin markaɗe.

Idan bazara ta wuce, damina ta wuce, sai hunturu ya zo da ƙurarsa. Laftof ta 'yan gem fanka biyu gare ta a mafi yawan lokuta, kuma aikinsu shi ne zuƙo iska daga waje. Iskar hunturu a bakin Sahara kuwa kowa ya san abin da take ɗauke da shi. Ƙurar takan taru ta toshe ramukan da zafi yake fita, ta daskare kamar auduga. Daga nan sai na'ura ta fara kashe kanta ana tsakiyar wasa. Idan abin ya yi tsanani har katin hotonta ya lalace, to shi a manne yake da babban allon na'urar, ba a cire shi a sa wani. Sai dai a canza allon gaba ɗaya, kuma kuɗinsa yakan kusa kuɗin wata laftof. Samun irin wannan allo ma sai an aika Kano, wani lokaci har Legas. Ta ofis irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad kuwa, saboda kamfanonin Turai da Amurka suna sayen su da yawa su kuma sallame su bayan 'yan shekaru, sun cika kasuwanninmu, batirinsu da cajarsu da sikirinsu ba sa wuyar samu, masu gyara kuma sun saba da cikinsu.

Mu mutanen Machina an san mu da girmama maciji, ba ma kashe shi saboda tarihin da ya haɗa shi da gidan sarautarmu. To amma kyan ɗan maciji irin na kantin kwamfuta, mai fitilu ja da kore a ƙarƙashin maɓallai, wannan kam babu zumunci tsakaninmu da shi.

Wane gem kake bugawa?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tafi kasuwa yana cewa yana son laftof "mai ɗaukar gem", bai fayyace wane gem ba. Wasannin ba nauyinsu ɗaya ba. Ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen uku da ka fi bugawa, sannan ka nemi abin da masu su suka ce suna buƙata.

Misali, PES 2017, wanda har yau yana da masoya a ɗakunan ɗalibai, kusan kowace laftof ta ofis ta shekarun baya-bayan nan za ta buga shi lami lafiya. Haka GTA San Andreas da tsofaffin FIFA da tsofaffin wasannin tseren mota. GTA V, wanda ya fito a kwamfuta a 2015, ya fi su nauyi, amma na'ura mai ƙwaƙwalwar Ryzen ko mai Iris Xe za ta ja shi idan an rage ƙyallin hoto. Inda gizo yake saƙar shi ne sababbin wasannin ƙwallo. Kamfanin EA ya daina amfani da sunan FIFA a 2023 ya koma EA Sports FC, kuma FC 24 mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne katin hoto GTX 1050 Ti, da RAM giga 8, da wurin ajiya giga 100. Ka yi tunanin kuɗin datar da za ta sauke giga masu yawa haka, ga shi an ƙara kuɗin data da kira a 2025, ga kuma yadda sabis yake a garuruwanmu. Shi ma PES ya koma eFootball tun 2021, kuma kusan komai nasa sai da intanet.

Wasu kuma idan ka bincika, abin da suka fi bugawa shi ne PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile. Waɗannan ai don waya aka yi su. Mai son su ba ya buƙatar laftof mai tsada ko kaɗan.

Karanta lamba, kada tambari ya ruɗe ka

Mai kanti ya san kalmar da take kashe wa ɗalibi jiki, ita ce "Core i7". Da ya faɗe ta sai ka ga yaro ya fara laluben aljihu. Alhali wannan suna shi kaɗai ba ya nuna komai sai an haɗa da zubin da na'urar ta fito a ciki. Kamfanin Intel zubi-zubi yake fitar da ƙwaƙwalen kwamfuta, kuma lambar farko bayan sunan ita take nuna zubin. A i7-4600U, lamba 4 tana nufin zubi na huɗu, na shekarar 2013, kuma kawuna biyu gare ta masu aiki. A i5-8250U kuwa, lamba 8 tana nufin zubi na takwas, na shekarar 2017, mai kawuna huɗu. Wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ka ga i5-1135G7, lambobi biyun farko za ka karanta, wato zubi na 11.

Akwai dalili na biyu da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na takwas, in ban da 'yan ƙalilan. A ɓangaren AMD, wanda ya sayi laftof mai Ryzen 3000 zuwa sama ya tsira. Masu gyara sun iya dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar na'ura, amma ganin sa a kan sikirin ba hujja ba ce cewa na'urar sabuwar zubi ce. Lambar za ka duba.

Bayan ƙwaƙwalwa sai katin hoto, wanda shi ne ruhin gem. Iri biyu ne. Akwai wanda yake haɗe a cikin ƙwaƙwalwar, kamar UHD 620 da Iris Xe na Intel, da Radeon Vega na AMD. Akwai kuma mai zaman kansa, kamar GTX 1050 da GTX 1650 da RTX 3050 na kamfanin Nvidia. Na haɗe ba ya shan wuta sosai, kuma a cikinsu Vega da Iris Xe sun fi UHD 620 ƙarfi a fili. A yi hattara da kalmar "tana da Nvidia" kawai, domin akwai ƙananan katuna irin su 930MX waɗanda sabon katin haɗe ya fi su, amma ana ƙara kuɗi saboda tambarinsu.

Sai RAM, wato teburin da kwamfuta take baza aikin da take yi a lokacin. Giga 8 shi ne mafi ƙaranci, giga 16 ya fi. Ga wani sirri da ba kowa ya sani ba: katin hoto na haɗe ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ara. Don haka sanda biyu masu giga 8 kowace sun fi sanda ɗaya mai giga 16 saurin hoto, tamkar ƙofa biyu ce a ɗakin taro maimakon ɗaya. Ka tambaya ko na'urar tana da gurbi biyu. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 da Latitude 5490, dukansu na 2018, suna da gurbi biyu. EliteBook 845 G7 ta 2020 mai Ryzen da Latitude 5420 ta 2021 su ma haka, kuma idan an dace da mai i5 a ita Latitude ɗin, su biyun sun fi waɗancan ukun jan gem.

Na ƙarshe shi ne ma'ajiya. Ka nemi SSD, aƙalla giga 256, in da hali 512. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai a ciki tana da jinkiri, kuma ba ta jure jijjiga. Wanda zai riƙa ɗaukar jakarsa a mota daga Machina zuwa Nguru, daga can zuwa makaranta, wani lokaci a bayan babur, ya san irin girgizar da kaya suke sha.

Ranar shiga kasuwa

Yawancinmu Kano muke zuwa, ko dai titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, wasu kuma su aika a sayo musu daga Computer Village da ke Ikeja. Shawarata ita ce kada a yi sayen kifi a ruwa. Ka je da ƙafarka, ka tafi da wanda ya san na'ura, ka kuma ware rabin wuni. Akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, kuma mai amana ba ya jin haushin a gwada kayansa.

Ka kunna na'urar ka shiga bayananta ka karanta lambar ƙwaƙwalwa da yawan RAM da idonka, kada ka dogara da takardar da aka manna a jiki. Ka sa a fitar maka da rahoton batir, Windows yana da umarnin da ake bugawa, wato powercfg /batteryreport, wanda zai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. Ka danna kowane maɓalli, ka gwada kowace kafar USB, da kamara, da lasifika, ka buɗe ka rufe murfin ka ji ko maƙallansa sun saki. Ka sa gem ɗin da kake so a kai a yi minti ashirin ana bugawa, ka ji zafin jikinta da ƙarar fankarta. Ka shiga BIOS ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin wasu na'urorin suna zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su a can. Ka dage a kan caja ta asali. Daga ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da sunan kanti da kwanakin garanti. Wannan rasit shi ne zai fitar da kai ranar da wani ya ce laftof ɗinsa ce aka sace.

Kada kuma ka kashe kuɗinka kaf a kan na'urar. Ka rage na jaka mai kauri, da na soket mai kare kaya daga haukan wutar janareta, da na hannun gem, da na filas ɗin da za ka riƙa kwafe kundinka a ciki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin yawancin wasannin da ake tura wa mutane a shaguna fasassu ne, kuma ta irin wannan hanya ƙwayoyin cutar kwamfuta suke shiga. Aikin shekara guda yana iya salwanta a dare ɗaya saboda wasan ƙwallo.

Ga masu ja da wannan ra'ayi

Na san abin da za a ce. Za a ce na'urar da nake yabo ba za ta buga sabon FC yadda ya kamata ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amsata ita ce, sau nawa a mako kake buga shi? Gidajen gem masu PlayStation suna nan birjik a garuruwan da jami'o'inmu suke, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za ka buga wasanka a babbar talabijin, janaretan wani, gyaran wani, ka tashi ka kaɗe rigarka. Bambancin kuɗin da ke tsakanin laftof ta ofis da ta 'yan gem zai biya maka wasanni masu ɗimbin yawa, kuma tashi zuwa gidan gem da kansa wani linzami ne, ba kamar na'urar da take kwana kusa da matashinka tana kiran ka ƙarfe biyun dare ba.

Za a kuma ce akwai masu buƙatar katin hoto mai ƙarfi don sana'a, kamar masu tace bidiyo da masu zane. Wannan ma haka ne. Wanda yake samun kuɗi da na'urarsa, ko yake da tsayayyar sola a gida, ko kuma kuɗin guminsa ne ba na rumbun mahaifinsa ba, yana da damar ya sayi mai GTX 1650 ko abin da ya fi ta. Sharaɗin kawai shi ne ya shiga da idonsa a buɗe: ya ɗora ta a kan tebur ba a kan katifa ba, ya ɗaga bayanta iska ta ratsa, ya kai ta a share mata ƙura bayan kowane hunturu, ya guji buga gem da tsakar rana a bazara. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganata da ɗalibin da laftof ɗaya zai saya daga aji ɗaya har ya gama bautar ƙasa nake yi, kuma mu ne muka fi yawa.

Kammalawa

A dunƙule, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke shirin sayen laftof, ka fara da duba soket ɗin ɗakinku da yanayin garinku kafin ka duba hotunan intanet. Ka nemi zubi na takwas zuwa sama ko Ryzen 3000 zuwa sama, RAM sanda biyu, ma'ajiyar SSD, batir mai rai, da cajar da ba ta wuce wat 65 ba. Ka gaya wa mai ba ka kuɗin gaskiya, cewa karatu za ka yi da ita, kuma za ka ɗan taɓa wasa idan ka gaji. Iyayenmu sun yi dara, ba za su kasa fahimtar wannan ba. Abin da zai yi musu ciwo shi ne su ji cewa ragon da aka sayar ya tafi a kan na'urar da ta mutu kafin a kai ga babi na biyar. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya kuma saka wa iyayenmu da alheri, amin.